Gida da Gona: Me Za A Ba Sabuwar Kyanwa?

A wannan wata zancenmu a kan kyanwa ne, wadda mu a ƙasar Kano muka fi kira mage. Wani zai ce, duk abubuwan da ke damun iyali, sai mage? To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

Bara da kaka, bayan mun shigar da gero da dawa, ɓeraye suka addabe mu a nan Kausani. Sun huda buhuna, sun ɓata wake, har littattafan yara ba su bari ba. Hasarar hatsi kuwa ba ita kaɗai ce illarsu ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a asibitin mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake kamuwa da shi. Cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan cuta akwai rufe hatsi, da tsabtace gida, da ajiye kyanwa. Saboda haka da wata 'yar'uwa za ta ƙaura zuwa Kano, ta ce za ta bar mana magenta mai shekara uku, sai muka karɓa hannu bibbiyu.

Ranar da ta iso muka yi mata abin da muke tsammani karamci ne. Muka sayi madara wurin Fulani, muka cika ƙwarya muka ajiye mata. Ta sha. Kashegari ma haka. Ran kwana na uku sai zawo, ta ɓuya ƙarƙashin gado, ta ƙi cin kome. Uwargida ta ce, "Malam, wannan baƙuwa ba za ta kwana bakwai a hannunmu ba." Da muka kai ta wurin ma'aikacin dabbobi, tambayarsa ta fari ita ce, "Kun ba ta madara?" Abin da muka koya daga nan shi muke so mu raba da ku.

Batun madara

A cikin madara akwai wani irin sukari da ake kira laktos. Ɗan kyanwa mai shan mama yana da abin narkar da shi a hanjinsa. Amma bayan yaye, watau wajen mako takwas da haihuwa, wannan abu yakan yi ta raguwa, har yawancin manyan kyanwoyi su kasa narkar da madara. Sukarin sai ya zauna a hanji, ya jawo ruwa, ya yi tsami, daga nan sai kumburin ciki da zawo. Madarar gwangwani da ta gari duk haka suke. Kyanwa tana son madara domin maiƙonta, amma so dabam, amfani dabam.

Kindirmo da nono sun fi sauƙi, gama tsamin ya cinye wani kashi na sukarin. In za a ba ta, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ya isa, ba kowace rana ba. In aka ga kashinta ya saki, a daina. Abin shan kyanwa na gaskiya ruwa ne. Mai nauyin kilo 4 tana bukatar kamar kofi ɗaya a yini, har da ruwan da ke cikin abincinta. Asalinta kyanwar daji ce ta busassun ƙasashe, ba ta jin ƙishirwa da wuri, don haka a ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, a riƙa sakewa kullum, musamman da bazara.

Tuwo ba ya riƙe ta

Kare yana iya zama da tuwo da ɗan abin haɗi. Kyanwa kuwa maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin wanda jikinta ba ya iya yin isasshe, sai ta same shi daga nama ko kifi. A 1975 masana a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance. A 1987 kuma likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya suka gano yana raunana zuciyarta. Wanda ke zuba wa mage ragowar tuwo kaɗai, yana kashe ta sannu sannu bai sani ba.

Mun san nama yana da tsada, amma ba tsoka ake nufi ba. Mu da ke kusa da Wudil mun yi sa'a, ga kogi, ga kasuwar shanu ran Jumma'a. A yi shiri da mahauci a kan zuciya, da huhu, da tumbi, da guntaye. Zuciya ta fi duka, domin tana da taurin da yawa. A nemi ƙananan kifi wurin masunta, ko tarwaɗa, ko karfasa. A dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba yaji, a cire manyan ƙayoyi, a zuba mata har da romon. Ɗanyen kifi kullum yana iya ɓata wani bitamin a jikinta, ya taɓa jijiyoyi, ɗanyen nama kuma yana kawo tsutsar ciki. Dafaffen ƙwai yana da kyau. Hanta kuwa sau ɗaya ko biyu a mako, kamar girman babban yatsa, gama yawanta yana sandarar da ƙashi. In za a ƙara tuwo ko shinkafa, kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kwanon.

Nama kaɗai ba ya da abin gina ƙashi. Maganin wannan yana cikin madafa: a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama.

Nawa za a ba ta?

Babbar kyanwa takan yi kilo 3 zuwa 4. Irin wannan tana bukatar kalori 200 zuwa 250 a yini, watau dafaffen nama ko kifi kamar giram 120 zuwa 150. Wanda ba shi da sikeli ya nemi ƙaramin gwangwanin tumatir ya wanke. Cikinsa biyu shi ne abincin yini, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. In an raba uku ya fi, domin cikin kyanwa ƙarami ne, a daji ma kaɗan kaɗan take ci, sau da yawa. Mai sayen busasshen abincin kyanwa na kanti a Kano ya bi abin da aka rubuta a jikin leda, yawanci giram 50 zuwa 60 ne a yini, ya kuma ƙara kula da ruwa. Abincin kare ba ya isar kyanwa.

Awon gwangwani mafari ne kawai, hannu shi ne alƙali. A shafa haƙarƙarinta kowane mako. In ana jin ƙasusuwan ƙarƙashin ɗan nama, daidai ne. In ana ganinsu da ido, a ƙara. In an danna ba a ji ba, a rage. Wadda ke kama ɓera da yawa a rage mata kaɗan. Mai shayarwa kuwa tana cin ninki biyu ko uku. Abin da ya ragu a kwano bayan rabin sa'a a kwashe, kada ƙuda da zafi su ɓata shi.

Akwai masu cewa a bar mage da yunwa don ta yi farauta. Wannan kuskure ne. Farauta halinta ne, ƙosasshiya ma tana yi, ta kuwa fi ƙarfin tsalle. Mayunwaciya ita ce ke buɗe tukunya, ta shiga akurkin maƙwabta ta kwashe 'yan tsaki, a zo ana rigima tsakanin gidaje a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Kwanakin farko

Babbar kyanwa ta riga ta saba da wani gida da wani abinci. Kafin a ɗauko ta, a tambayi mai ita abin da take ci, a fara da shi, sa'an nan a riƙa cuɗa sabon abincin kaɗan kaɗan har kwana bakwai. A tsare ta a ɗaki ɗaya kamar mako biyu, da kwanon abinci, da na ruwa, da kaskon yashi can nesa da su, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gidanta. A hana yara damunta. In ta ƙi ci ranar farko, tsoro ne, a ɗumama abincin ya yi ƙamshi, a ba ta wuri. Amma in ta wuce kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta asibitin dabbobi, gama daɗewa da yunwa yana lalata hantar kyanwa. A can kuma sai a nemi maganin tsutsa da allurar rigakafin haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa, ta sa wa mutum. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, akwai wata cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

Abubuwa huɗu a kiyaye. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta, saboda haka miyarmu ba tata ba ce. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Farasitamol, irin su Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Shinkafar ɓera kuma a kawar da ita daga gida kafin kyanwa ta zo, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta ci.

Magenmu ta warke cikin kwana biyar da daina madara. Ciyar da ita aikin ƙaramarmu ne yanzu, ita ke riƙe da gwangwanin awo, ba ta yarda kowa ya ƙara ko ya rage. Buhunan dawa kuwa sun kai mu damina ba huji ko ɗaya.