Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Magana Kan Karatun Zama Babbar Nas Ta Iyali



Kwanakin baya wani dattijo da muke zama da shi a nan Agege ya jawo ni gefe ya nuna mini wani saƙo a wayarsa. Wani ejan ne ya turo wa 'yarsa, wadda ta gama makarantar koyon jinya shekara biyu da suka wuce. Saƙon ya ce idan aka biya kuɗi, yarinya za ta yi karatu ta intanet daga ɗakinta, cikin 'yan watanni ta zama irin nas ɗin nan ta Amurka mai duba marasa lafiya da rubuta magani kamar likita, daga nan sai biza. Dattijon har ya fara maganar sayar da rumfarsa ta kasuwa. Na roƙe shi ya dakata. Abin da na faɗa masa ranar shi nake so in faɗa a nan, domin na san ba wayarsa kaɗai irin wannan saƙo ya shiga ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan karatu gaskiya ne, yana da daraja, kuma ya kamata 'ya'yanmu su sa shi a gaba. Amma tsani ne mai matakai, ba a tsallake ko ɗaya, kuma matakan farko duk a nan gida suke.

Bari mu fara da sanin mene ne abin. A Amurka akwai wani matsayi na ma'aikatan jinya da suke taƙaita sunansa da FNP, wato nas mai digiri na biyu wadda ta ƙware a kula da lafiyar iyali gaba ɗaya, tun daga jariri har tsoho. Tana duba mara lafiya, ta gano ciwo, ta tura shi gwaji, ta rubuta magani, ta riƙa bibiyar mai hawan jini da mai ciwon suga, ta yi wa yara rigakafi, abin da ya fi ƙarfinta kuma ta tura wa likita. A sama da rabin jihohin ƙasar doka ta ba ta damar buɗe asibitinta ba tare da likita ya tsaya a kanta ba. A sauran jihohin sai da yarjejeniya da likita.

Abin ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Kolorado, inda wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka lura cewa yaran karkara ba sa samun likita, suka fara horar da ma'aikatan jinya su cike wannan giɓi. Ku lura da wannan da kyau. Ba don yawan albashi aka ƙirƙiro matsayin ba, don talakan da likita bai isa gare shi ba aka yi shi. Yau masu wannan matsayi a Amurka sun haura 350,000, kuma mafi yawansu fannin iyali suka karanta.

To yaya ake kai wa can? Mataki na farko digirin farko a fannin jinya. Na biyu lasisin aikin jinya na Amurka, wanda ba ya samuwa sai an ci jarrabawar NCLEX. Wanda ya yi karatu a waje kamar 'ya'yanmu, sai an tantance takardunsa, galibi ta hannun hukumar da aka sani da CGFNS, kuma jihohi da dama suna neman jarrabawar Turanci. Na uku shi ne digiri na biyu, shekara 2 zuwa 3, ko digirin dakta na aikin jinya, shekara 3 zuwa 4. A ciki akwai darussa uku da babu makawa sai an yi su: yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da dabarun duba mara lafiya. Sannan ɗaliba ta yi aƙalla awa 500 tana duba marasa lafiya da hannunta a ƙarƙashin ƙwararre, sabon ma'aunin da aka fitar a 2022 ma ya ɗaga shi zuwa awa 750. Bayan an gama sai jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa, sai kuma lasisin jihar da za a yi aiki.

A nan ƙaryar ejan take fitowa fili. Gaskiya ne jami'o'i da yawa a can suna koyar da darussan ta intanet. Amma awa 500 ko 750 ɗin nan ba a yin su a waya. A asibiti ake yin su, gaban mara lafiya, da lasisin nas na jihar, kuma ko ɗaliban da ke zaune a Amurka suna shan wahala kafin su sami ƙwararren da zai karɓe su. Wadda ba ta da digirin farko, ba ta ci NCLEX ba, ba ta taka ƙasar ba, ta ina za ta fara? Kuɗin makaranta kuwa dubun-dubatar daloli ne, shi ya sa yawancin masu yi suna aikin nas suna biya a hankali. Batun biza kuma kowa ya ga yadda ya ƙara tsanani ga 'yan Najeriya.

Kuma mai neman gajeriyar hanya ya tuna abin da ya faru a watan Janairun 2023, lokacin da hukumomin Amurka suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a jihar Fulorida. Mutane sun zuba dubban daloli, ƙarshe aka bi su jiha-jiha ana ƙwace lasisi, masu sayarwa kuma suka gurfana gaban kotu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi shafar mu. Abin mamaki, a shekarar nan ta 1965 da aka fara wancan tsari a Kolorado, a ita Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin jinya, na farko a Najeriya. Tazarar da ke tsakanin Sabon Ibadan da asibitin UCH ba ta kai a kira ta tafiya ba. Haka 'yan uwanmu na Idi-Araba, katanga ce kusan ta raba su da asibitin koyarwa na LUTH. Shekara da shekaru muna shiga waɗannan asibitoci da kati a hannu. Sau nawa muka shiga muka tarar da 'yar unguwarmu sanye da kayan aiki? Kowa ya ba kansa amsa.

Mu ne muke ƙorafi idan aka kai mai ɗakinmu awon ciki namiji ya duba ta. Mu ne tsohuwarmu take zama gaban malamar asibiti ba ta jin Yarbanci ko Ibo, Turancin ma sai kame-kame, sai an nemo yaro ɗan shekara goma ya yi tafinta a kan ciwon da uwa ba za ta iya faɗa a gaban ɗanta ba. Sai ta ce kanta ne ke ciwo, a ba ta farasitamol, ta dawo da ciwonta. Daga nan sai kemis, sai mai tallar magani a tire. Mutum nawa muka yi wa jana'iza da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Duk da haka idan yarinya ta ce za ta karanta jinya, sai a ce aikin dare, a ce miji ba zai yarda ba. Muna son mace ta duba matanmu, amma 'yar wani. To 'yar wa?

Hanyar nan gida a bayyane take. Kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Sai JAMB, sai digirin jinya na shekara 5 a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki. Ko kuma a bi ta kwalejin jinya, a sami rajista da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, daga baya a ƙarasa digirin. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana karɓar masu rajistar nas su yi digiri suna aikinsu. Bayan haka akwai digiri na biyu a jinya a jami'o'i irin su Ibadan, Ife da Zariya. Wannan shi na ce wa dattijon nan: kuɗin da za ka ba ejan, ka sa 'yarka ta yi digiri da shi. Ko tafiya za ta yi, sai da shi. Ko zama za ta yi, shi zai ɗaga ta. Rumfarka kuma tana nan.

Sai dai dole a faɗi gaskiya ɗaya. Digiri na biyu na jinya a Najeriya ba ya mayar da mutum irin waccan nas ta Amurka, domin tsarin aikinmu bai tanadi wannan matsayi da lasisinsa ba. Kuma a nan nake ganin gwamnati ta yi sake. Ku je asibitin sha-ka-tafi a ƙauye ko a bayan gari, wa ke duba marasa lafiya? Nas ce, ko jami'in lafiyar al'umma. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar sauke wasu ayyukan likita ga ƙananan ma'aikatan lafiya saboda ƙarancin likitoci. Wato aikin ana yin sa, horo mai zurfi da kariyar doka da albashin da ya dace ne babu. Ƙasar Botsuwana ta fara horar da irin waɗannan ma'aikatan jinya na iyali tun farkon shekarun 1980. A Gana, jami'ar da ke Tamale tana da irin wannan kwas. Ashe ba sai mai arzikin Amurka ba.

Na san likitoci suna da ja a kan wannan, har a can Amurka. Hujjarsu ita ce likitan iyali a can yana yin shekara 4 a makarantar likitanci, ya ƙara 3 na ƙwarewa, awannin da yake yi gaban marasa lafiya sun ninka na nas sau da yawa. Wannan gaskiya ne, kuma duk nas ɗin da ta ɗauka ta zama likita ta fara zama haɗari. Amma a unguwanninmu ba tsakanin likita da nas ake zaɓi ba. Tsakanin nas mai horo ne da yaron kemis da bai gama sakandare ba. Da hanau gara mannau, balle ma wannan mannau ɗin ta san inda iyakarta take, ta san ranar da za ta ce a tafi babban asibiti yanzu-yanzu.

Akwai kuma masu cewa duk wanda muka ilmantar guduwa zai yi. Ba su yi ƙarya ba. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya ya ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, har hukumar ta sa sharaɗin sai an yi aikin shekara 2 kafin a tantance wa mutum takardunsa na fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Ni ba na zagin wanda ya tafi. Albashin irin wannan nas a Amurka yakan haura dala 100,000 a shekara, ita kuwa ta nan wani lokaci kuɗin mota ke cinye rabin nata. Kuma mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Sakkwato suka zo kurmi neman halak, ba mu ne za mu yi wa wani gorin tafiya ba. Amma mutane ba don kuɗi kaɗai suke tafiya ba. Suna tafiya ne kuma saboda sun ga a can nas tana da inda za ta hau. Idan aka gina mata tsanin a gida, wasu za su zauna. Mu kuwa da ba mu da ko masu tafiyar, tsoron guduwa bai kamata ya zama uzurinmu ba.

Don haka ga abin da nake ba da shawara. Ƙungiyoyinmu da fadojin sarakunan Hausawa na kudu su san yaran da ke ajin kimiyya a sakandare, mata da maza, a tallafa musu da kuɗin WAEC da JAMB da darasin yamma. Abin da muke kashewa a biki ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin ɗaliba shekara guda. Waɗanda suka riga suka zama nas a cikinmu a taimaka musu su yi digiri, mazajensu kuma su yi haƙuri da aikin dare, domin ranar da naƙuda ta kama ƙanwarka ƙarfe biyu na dare, matar wani ce za ka tarar a farke. Duk wanda aka kawo wa tallar makarantar waje, ya tambayi abu uku kafin ya fitar da ko sisi: shin ɗaya daga cikin hukumomin tantance makarantun jinya na Amurka, CCNE ko ACEN, ta amince da kwas ɗin? A wane asibiti za a yi awannin aiki, kuma wa zai nemo mai horarwa? Da wane lasisi? In ejan ya fara kame-kame, a riƙe kuɗi. Sannan idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a Sabo da zango, a tambaye su batun ma'aikatan asibitin unguwa, ba buhun shinkafa kawai ba.

'Yar dattijon nan ta sayi fom ɗin digiri. Ban sani ba ko wata rana za ta ƙare a Amurka ko a nan Agege, wannan na Allah ne. Amma ko ina ta tsaya, takardarta ta gaskiya ce, kuma tun yanzu tsofaffin layinsu sun fara sallama a gidan da yamma a auna musu jini.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Mai ƙarin bayani ko gyara, musamman ma'aikatan jinya da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take.