A Hukunta Gwamnati, a Ƙyale Rawa

A watan Fabrairun 2022, da Rasha ta afka wa Yukren, gidan wasan Royal Opera House na Landan ya soke ziyarar da 'yan rawar Bolshoi na Mosko za su kai masa. Ban ga laifin hakan ba, domin Bolshoi gidan gwamnati ne, da kuɗinta yake tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne a watan Maris gidan na Landan ya ci gaba da nuna Swan Lake da 'yan rawarsa na gida, alhali Barashe ne, Chaikofski, ya tsara kiɗan.

Wannan rawar bale a Bolshoi aka fara yin ta a 1877, ba ta samu karɓuwa sosai ba sai da masu tsara rawa Petifa da Ibanof suka sake tsara ta a birnin San Fitasbag a 1895. Labarin budurwa ne da matsafi ya mayar tsuntsuwar ruwa. Akwai wurin da mai rawar ke juyawa sau 32 a kan ƙafa ɗaya, tana hawa kan yatsunta tana sauka, wuya a miƙe, ɗaya ƙafar tana bulala a iska. Shekaru ake yi ana koyon wannan tun ƙuruciya, yatsu na jini cikin takalmi.

Chaikofski ya rasu tun 1893, me ya haɗa shi da yaƙin yau? Olga Smirnoba ma, tauraruwar Bolshoi, fitowa ta yi ta la'anci yaƙin, ta koma Holan da rawa. Landan ta yi daidai a duka biyun: soke ziyarar Bolshoi da ci gaba da nuna Swan Lake.