Wagadugu: Dokar ruwan kwata ta tsananta, amma ina mutanen Zongo za su zuba shi?

A Burkina Faso, watsa ruwan wanki ko na wanka a kan titi laifi ne tun ba yau ba. Dokar tsaftar jama'a mai lamba 022-2005, wadda majalisar dokoki ta amince da ita ranar 24 ga Mayun 2005, ta haramta shi. Abin da ya sauya shi ne aiki da dokar: tun da gwamnati ta kafa rundunar Brigade Laabal a 2025 domin yaƙi da ƙazanta da rashin ɗa'a, mai gidan da kwatarsa ke malala waje ba ya barci da ido biyu.

Hukumomi na da hujja. Ruwan da ya kwanta a lungu gidan sauro ne, kuma zazzaɓin dengue na 2023 ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar, akasarinsu a Wagadugu da Bobo-Dioulasso. Sai dai hani kaɗai ba ya ƙafar da ruwa.

Matsalar ta fi fitowa fili a Zongo, unguwar da ke yammacin birnin, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira "non-loti", wato irin awon igiya a bakin Kanawa. Gidajen a cushe suke, lungunan matsattsu, babu magudanai. Tun 2009 kamfanin ruwa na ƙasa, ONEA, ya shigar da famfo Zongo da Bissighin da Toukin da Nioko 2 da Bogodogo ta hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ruwa ya shigo, amma ba a yi masa hanyar fita ba, alhali mafi yawan abin da gida ya ɗiba yana komawa ruwan kwata.

Maganin da ONEA ta daɗe tana tallafawa shi ne ramin da ke tsotse ruwa, "puisard", da kuɗin tsafta da ake ɗorawa a kan takardar biyan ruwa. Amma wanda ba shi da takardar fili, kuma yake jiran ranar da za a zo yanka unguwa, da wuya ya zuba kuɗinsa a rami. Hausawan birnin sun san wannan fargaba: a 2003 aka rushe Zangouettin, tsohon zangonsu, saboda shirin ZACA.

Ga kuma ƙarancin ruwa. Birnin ya dogara ne da madatsar Ziga, kuma a bazarar 2016 sai da aka riƙa raba ruwa tsakanin unguwanni na awa 12-12. A irin wannan gari, binne duk ruwan wanka a rami asara ce. Dokar ta faɗi inda ba za a zuba ba, amma magidanci na buƙatar a gaya masa wane ruwa ne zai iya ba bishiya, wane ne kuma dole ya shiga rami. Ruwan alwala da na ɗauraya ba ɗaya suke da na wanke-wanke mai maiƙo ko na wankin kashin jarirai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin sake amfani da irin wannan ruwa tun 2006, kuma a Kossodo masu lambu na noma da ruwan da matatar ONEA ta tace.

A ɓangaren masai, Wagadugu ta riga ta yi gwajin da za a koya daga gare shi. Daga 2006 zuwa 2009, shirin ECOSAN, da kuɗin Tarayyar Turai da jagorancin cibiyar CREPA, ya gina wajen masai 1,000 a sassa na 17, 19, 27 da 30. Masai ne da ake ginawa a saman ƙasa, ba ya cin ruwa, yana raba fitsari da bayan gida. Fitsarin na shiga jarka mai lita 20, a ajiye shi aƙalla wata ɗaya, a sayar wa manoma da sunan "birg-koom". Bayan gidan kuwa ana zuba masa toka har ya bushe ya zama taki. Ga unguwar da motar kwashe masai ba ta iya shiga, kuma wadda ke tuna ambaliyar 1 ga Satumban 2009, lokacin da aka tafka ruwa sama da milimita 260 cikin sa'o'i kaɗan, amfaninsa a fili yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin kwasa. Sefa 300 da kowane gida ke biya a wata a wancan lokacin, haɗe da cinikin takin, ba su isa biyan masu tattarawa ba, dole sai da tallafi. Sannan Musulmi na tsarki da ruwa, ɗakin takin kuwa ba ya son jiƙa. Masan da ba a ware masa wurin tsarki ba, barinsa za a yi.

Ƙyamar najasa kuma ba shingen da ba ya ƙetaruwa ba ne. A Aguié cikin jihar Maraɗi manoma sun karɓi wannan dabara da sunan "takin ruwa", matan ƙungiyar Fuma Gaskiya kuma suna zuba shi a gonakin hatsi da sunan "Oga". Tun da daɗewa jakuna ke fitar da takin birnin Kano zuwa gonakin karkara.

Saboda haka abin da ya rage wa hukumar birnin Wagadugu da ONEA shi ne su haɗa tara da mafita: ƙa'ida a rubuce kan ruwan da za a iya sake amfani da shi, tallafin da zai kai ga gidajen da ba su da takardar fili, da kuma kasafi na dindindin ga masu kwasa. In ba haka ba, ruwan da aka hana zubarwa da rana, da dare za a zubar da shi.