Haƙƙin Mawaƙi Ne Ya Ƙi Rera Waƙarsa

Sau da yawa masu sha'awar kiɗan rok na Turawa, bayan sun biya kuɗi mai tsoka sun cika dandali, sukan koma gida da ƙorafin cewa mawaƙan sun hana su waƙar da suka fi ƙauna. Amma wanda duk ya yi nazarin al'amarin da idon basira zai tarar cewa galibi hujja tana wajen mawaƙan, domin akwai uzurori da hankali ba zai iya musunsu ba.

Uzuri na farko shi ne na sana'a. A watan Agusta na 1966 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da faifanta mai suna Revolver, sa'an nan ta tafi rangadi Amurka ba tare da ta rera ko waƙa ɗaya daga cikinsa ba, saboda waƙar Eleanor Rigby da goge takwas irin na Turawa aka kaɗa ta, Tomorrow Never Knows kuwa an gina ta da sautukan da aka naɗa aka jujjuya da na'ura, abin da samari huɗu masu gita da ganga, a tsakiyar ihun dubban jama'a, ba su da ikon maimaitawa. Ranar 29 ga watan, a birnin San Faransisko, suka yi sallama da rangadi baki ɗaya. Haka ma ƙungiyar Queen, wadda ta riɓanya muryoyin mutum uku sau da dama a tsakiyar waƙar Bohemian Rhapsody ta 1975, ta zaɓi ta fice daga dandali a saki sautin da aka naɗa idan an iso wurin, maimakon ta yi wa jama'a algus.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne na zuciya da lamiri. Mawaƙi Eric Clapton ya tsara waƙar Tears in Heaven bayan ɗansa mai shekara 4 ya faɗo ta tagar dogon bene a New York ya rasu a 1991, kuma a 2004 ya jingine ta na tsawon shekaru. Wane mai imani ne zai tilasta wa uba ya riƙa buɗe makokin ɗansa kowane dare don a tafa masa? 'Yan ƙungiyar Rolling Stones kuwa, bayan sun shekara hamsin da waƙar Brown Sugar, wadda ta ambaci cinikin bayi da wulaƙancin da aka yi wa kuyangi baƙaƙen fata cikin salon nishaɗi, sun cire ta daga rangadinsu na 2021, alhali tana cikin waƙoƙin da suka fi kawo musu tafi.

Na yarda mai sauraro yana da nasa haƙƙi, tun da dukiyarsa ya kashe, kuma wajibi ne a ba shi kiɗa ingantacce gwargwadon abin da ya biya. Sai dai kuɗin shiga ijara ce ta dare ɗaya, ba ta mallaka masa baƙin cikin mawaƙi ko nadamarsa. Mawaƙin da ya san waƙa za ta fito gurguwa, ko za ta fama masa miki, ko za ta ci mutuncin wata al'umma, ya kuma bar ta, ya cika amanar sana'arsa, kuma ya cancanci masoyansa su yi masa uzuri.