Akuyarki Amana Ce: A Kula Da Abin Da Take Ci



A watan jiya wata maƙwabciyata a Wurno ta yi asarar jar akuyarta, wadda take sa ran sayarwa a kasuwar Achida ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Akuyar ta yi ta ramewa alhali cikinta tim, har ta daina cin abinci. Da aka yanka ta, sai mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta.

Uwargida, ki sani cikin akuya ɗaki huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi. A nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narka mata ganye da ciyawa, ita kuma ta dawo da abincin baki ta yi tuƙa. Irin wannan ciki Allah Ya ba barewar ƙasashen sanyi irin su Norway, wadda take tone ƙanƙara da kofato ta ci gansakukar da ke ƙasa ta rayu. To amma duk ƙarfin tumbi ba ya narka leda. Nan take zama ta cushe wurin abinci, dabba ta mutu da yunwa ciki cike.

Mu ne kuwa muke jawo hakan. Ledar da aka ƙulla alala ko ƙosai tana ɗauke da gishiri da mai, sai mu jefar a tsakar gida, akuya ta bi ƙamshi ta haɗiye.

Abincinta na asali ganye ne. Ki tanadi harawar wake da ta gyaɗa tun kaka, ki haɗa da dusa da 'ya'yan gawo, da 'yar kanwa da ruwa mai tsabta. Kada ki juye mata ragowar tuwo ko hatsi mai yawa a lokaci ɗaya, yana kumbura ciki har ya kashe. Masu sakin dabbobi a gonakin Rabah da fadamun Goronyo su kiyayi gyauron dawa, domin ɗanyen tohonsa yana da guba. Mai ciki kuma, wata 5 take yi kafin ta haihu, sau da yawa tagwaye, don haka a ƙara mata abinci a makonnin ƙarshe.

Mu tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ke turkenki za a tambaye ki a kanta. Ki sa yara su riƙa tsince leda kullum da safe kafin a kwance awaki.

Allah Ya sanya albarka a kiwonmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.