Daga Kejin Ɓera Zuwa Ɗakin Majinyaci

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan ya san yadda akan yi da dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko matashin da ya faɗi a babur kan hanyar Zariya zuwa Kano ya bugu a ka. Da zarar an sallamo shi daga asibiti, sai a shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a saki labule, a kori yara, a riƙa ba shi abinci a baki ko da hannunsa na iya riƙe ludayi. Masu dubiya su leƙo, su yi masa sannu, su fita. Babu shakka tausayi ne ya kawo haka. Amma ra'ayina shi ne wannan tausayin yakan tauye majinyaci, kuma hujjata daga kejin ɓeraye na samo ta.

A shekarar 1947, Donald Hebb na Jami'ar McGill da ke Kanada ya bayyana cewa ɓerayen da ya kai gida suka tashi suna wasa da 'ya'yansa sun fi na ɗakin gwaje-gwaje saurin gane hanya a cikin akwati mai lunguna. Daga nan masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙera abin da ake kira keji mai wadata: babban keji mai ɗauke da ɓeraye da dama, da tsani, da ramuka, da kayan wasa da ake sauyawa a kai a kai. A 1964 Marian Diamond da abokan aikinta suka nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar ɓerayen wannan keji ya fi na waɗanda aka keɓe su kaɗai kauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

To, ina batun ƙwaƙwalwar da ta ji rauni? A 1995, Ohlsson da Barbro Johansson na Jami'ar Lund da ke Suwidin suka toshe wata babbar hanyar jini a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu hawan jini, wato suka jawo musu irin lalurar da ke shanye ɓarin jikin mutum. Waɗanda aka mayar keji mai wadata sun fi waɗanda aka keɓe iya tafiya a kan siririn katako da hawan tsani. Abin lura a nan shi ne girman wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa bai bambanta ba tsakanin rukunonin. Abin da ya mutu bai dawo ba. Ƙwayoyin jijiyar da suka tsira su ne suka fitar da sababbin rassa, suka ƙulla sababbin mahaɗai, suka ɗauki wani ɓangare na aikin da aka rasa. A 1996 masanan biyu suka ƙara gano cewa ɓeran da ke zaune cikin 'yan'uwansa ya fi farfaɗowa a kan wanda aka ba shi abin motsa jiki amma aka bar shi shi kaɗai.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A 2004, Dale Corbett da abokan bincikensa a Kanada suka haɗa keji mai wadata da horon miƙa ƙafar gaba mai rauni domin ɗauko abinci. Ɓerayen da aka fara wa horon kwana 5 bayan rauni sun samu sauƙi ƙwarai, na kwana 14 sun biyo baya, na kwana 30 kuwa ɗan abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Mai karatu zai iya cewa ɓera daban, mutum daban. Gaskiya ne, kuma akwai gargaɗi guda biyu. Na farko, gaggawa tana da illa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya ƙunshi majinyata 2,104, ya nuna cewa yawan tayar da mai shanyewar jiki daga gado cikin sa'o'i 24 na farko ya rage yawan masu samun kyakkyawan sauƙi. Saboda haka likita ne zai faɗi ranar farawa da gwargwadon aikin. Na biyu, kejin da ake kira mai wadata bai kai ko kusa da rayuwar ɓeran rumbu ba. Wato abin da gwaje-gwajen suka fi tabbatarwa shi ne cutarwar kaɗaici da zaman banza. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ya shafe mu, domin ɗakin da muka saki wa labule ya fi kama da kejin ɓeran da aka keɓe.

A nan ne nake ganin gidan Bahaushe ya yi sa'a. Ƙwararrun gashi da motsa gaɓoɓi sun fi yawa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma zuwa can kullum daga ƙauyukan Ikara ko Hunƙuyi ya fi ƙarfin talaka. Amma tsakar gida tana nan, cike da mutane, da magana, da aikin hannu. Idan likita ya ba da izini, a fito da majinyaci inuwa cikin iyali. A ba shi gyaɗa ya ɓare, ko wake ya tsince, ko carbi ya ja da hannun da ya raunana. Manomin rake na Makarfi a tambaye shi shawara kan gona da farashin mazarƙwaila, a jira ya amsa da bakinsa komai nauyin harshensa. Abokansa su kawo masa dara ƙofar gida. In ya gaji, a bar shi ya huta.

Ga malamai da ɗalibai kuma, akwai yaran da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ya bar su da rauni. Ajiye irin wannan yaro a gida don kunya ko tausayi kuskure ne. A dawo da shi aji, a zaunar da shi gaba, a sa shi cikin wasa da karatu daidai ƙarfinsa. Ɗalibin da ke da majinyaci a gida kuwa, ya ware rabin sa'a bayan la'asar ya zauna da shi, ya karanta masa wani abu, ya sa shi ƙirga ko rubutu.

Ba na cewa wannan zai maye gurbin magani, ko zai mayar da kowa yadda yake a da. Abin da nake cewa shi ne ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana gyara kanta ne gwargwadon aikin da aka ba ta, kuma magabata sun riga sun ce motsi ya fi laɓewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.