A Bali Ma, Gona Ake Zuwa Kallo

'Yan uwa ɗalibai, duk mai leƙa Instagram ya ga hotunan Bali, tsibirin nan na Indonisiya. Baƙi kan sauka a otal-otal na bakin teku a Kuta, su sha iska. Bayan kwana biyu ina suke nufa? Ƙauyukan kan tudu wajen Ubud, kallon gonakin shinkafa. Tsarin ban-ruwan manoman, wanda ake kira subak, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Wato dai aikin manomi ake biyan kuɗin jirgi a je a gani.

Mu fa? Da an ce yawon buɗe ido, sai a ce Abuja ko Yankari. Kuɗin ya fi ƙarfin rabin aji, a tafi a bar su. Alhali ga kasuwar rake a Makarfi, ga masu dafa mazarƙwaila a Kudan, ga fadamun tumatir a Ikara. Teku kam ba mu da shi, na yarda. Amma ɗalibin kasuwanci da bai taɓa ganin cinikin rake mota guda ba, akwai sauran karatu a gabansa.

Shugabannin ƙungiya, don Allah bana a ɗauki bas, a fara da gida.